Da Kuɗinmu Ake Yi Musu Roƙo

Kunna NTA da ƙarfe tara na dare ka ji abin da ake kira labarai. Shugaban ƙasa ya karɓi baƙi, minista ya jinjina wa shugaban ƙasa, wata ƙungiya da ba a taɓa jin sunanta ba ta roƙe shi ya zarce. Ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa a Zamfara kuwa, sai dai ka jira BBC ko DW su ba ka labarinsa. Abin haushin, mutanen ƙauyen nan suna cikin masu biyan albashin gidan.

Ban ga laifin ma'aikata ba, akwai ƙwararru a cikinsu. Tsarin ne ruɓaɓɓe tun tushe. Sojoji suka tattara gidajen talabijin na jihohi suka kafa NTA a 1977, suka biyo da gidan rediyon tarayya, FRCN, a 1978, don kada a ji muryar kowa sai tasu. Sun koma bariki a 1999, farar hula suka gaji linzamin, suka ji daɗinsa, suka ƙi saki. Shugaban ƙasa ke naɗa babban darakta, shi ke tuɓe shi, kuɗin aiki kuma sai abin da gwamnati ta ga damar saki. To wane edita ne zai tona asirin mai riƙe da abincin 'ya'yansa? Hatta NBC, hukumar da aka kafa a 1992 don ta yi alƙalanci kan gidajen rediyo da talabijin, shugaban ƙasa ke naɗa shugabanta.

A jihohi abin ya fi muni. Gwamna na ɗaukar rediyon jiha kamar gadon ubansa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, amma ɗan adawa ya je da kuɗinsa a hannu ya gani ko za a buɗe masa ƙofa.

Jaridu kuwa kashe su aka yi. New Nigerian, wadda ta fara fita a Kaduna a 1966, ta taɓa zama jaridar da masu mulki ke shakkar sharhinta. Gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1975, daga baya ta mayar wa gwamnonin Arewa 19, suka zuba ido bashi da rashin albashi suka durƙusar da ita. Ta tafi da Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar Abubakar Imam da ta koya wa kakanninmu karatun labarai tun 1939. Gwamnoni 19, a ce sun kasa riƙe jaridar Hausa guda ɗaya!

'Yan majalisa, ku gyara dokokin NTA da FRCN. A cire naɗi da tuɓewa daga hannun mutum ɗaya, a ba shugabannin wa'adin da ba mai taɓa shi, a ware musu kuɗi kai tsaye. In ba za ku iya ba, jam'iyya mai mulki ta riƙa biyan maroƙanta daga aljihunta.