RA'AYINMU: A BUƊE WA IYAYEN NAN ƘOFAR LABURARE

Akwai wani yaro da kusan kowace ikkilisiya ta san shi. Ya kai shekara 4 bai soma magana ba, ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, ba ya son haɗa ido da kowa, ya kan zauna yana kaɗa hannu ko yana jera duwatsu har tsawon sa'a guda. Da zarar zumuntar mata ta buga ganga sai ya toshe kunnuwansa yana kuka. Bayan Lahadi biyu ko uku na harara, uwarsa ta kan daina zuwa sujada, mu kuwa ba mu cika tambayar dalili ba.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. Mu kan ce galahanga, ko da yake da kalmar nan ɗaya muke kiran lalurori dabam dabam. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi tun 1943. Ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma ne, gado yana da hannu a ciki, kuma an fi ganinsa ga yara maza. Ba aikin iska ba ne, ba sammu ba, ba kuma alhakin uwa ba. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Rahoton da ya yaɗa wannan tsoro a Ingila a 1998 an janye shi a 2010 bayan an gano maguɗi a ciki. Babu ƙwayar da ke warkar da shi, amma koyarwa da wuri, cikin haƙuri, tana canza rayuwar yaro ƙwarai.

To, ina uba a Danchadi ko Dingyadi zai ji wannan bayani? Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana cikin birnin Sakkwato. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya kuwa yana Kware, sai mutumin Bodinga ko Shagari ya ratsa birnin gaba ɗaya kafin ya isa, da yaron da ba ya jure hayaniyar tasha. Kafin a tara kuɗin mota, an riga an sayar da akuya an kai wa mai magani, ko kuwa, mu faɗi gaskiya, an kai wa mai addu'ar da ya yi alkawarin korar aljan cikin kwana 7.

Saboda haka muna roƙon Hukumar Laburare ta Jihar Sakkwato, tare da ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari, su keɓe ɗaki ko da ɗan lungu ne domin iyalan nan. Abin da ake bukata ba shi da tsada. Takardun bayani da Hausa, boko da ajami. Katunan hoto, na ruwa da tuwo da bayan gida, waɗanda yaro marar magana zai nuna da yatsa maimakon ya faɗi ƙasa yana birgima. Duk uwar da ta kwana tana lalube ko yunwa ce ko ciwo ke damun ɗanta ta san darajar wannan kati. A naɗi bayani da murya domin wadda ba ta karatu ta saurara a waya. A Ingila da Amurka laburare da yawa suna ware sa'a ta musamman, a rage haske da ƙara, domin irin yaran nan. Mu ma muna iya ware safiya ɗaya a mako, ma'aikaciyar jinya ta riƙa zuwa sau ɗaya a wata, ta fara da tura yaro a gwada jinsa, gama wani kurma ne kawai.

Ƙasar nan ba baƙuwar littafi ba ce. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna wajen 1810 zuwa 1815 yana koyarwa yana rubutu, Alhaji Shehu Shagari kuma malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Dokar hana wariya ga masu naƙasa wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba yaran nan haƙƙin ilimi kamar kowa.

Kafin gwamnati ta motsa, dattawan ikkilisiya suna iya ba da tebur da kabad ɗaya a ɗakin makarantar Lahadi, a buɗe wa maƙwabta Musulmi da Kirista duka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wannan lalura. Muna so kafin ranar ta sake zagayowa shugabannin ƙananan hukumomin biyu su faɗa mana ɗakin da suka ba da, da ranar da za a buɗe shi.