Hanya a kan fadama: Darasin ƙumbar Luwiziyana

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta ratsa fadama bayan damina ya san yadda kwalta ke lotsawa, ta tsattsage tamkar ba jiya aka shimfiɗa ta ba. Mukan ɗora laifin a kan ɗan kwangila, amma a ganina babban abin dubawa shi ne nauyin cikon da ake jibga wa ƙasar da ba ta da ƙarfin ɗauka.

Jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka, wadda kudancinta kusan duk fadama ce, ta daɗe da gane haka. Da yake dutse ya yi ƙaranci a yankin, sai injiniyoyinta suka koma yin ciko da bawon ƙumba. Dalili kuwa shi ne bawon bai kai yashi nauyi ba, yana sarƙewa da juna idan aka daddanne shi, kuma ruwa na wucewa ta cikinsa. Saboda haka ciko yakan zauna a kan taɓo ba tare da ya nutse da yawa ba.

To amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tun daga shekarun 1930 aka riƙa yasar tafkin Ponchatiren, da ke gefen birnin Niyu Oliyans, domin kwaso wannan bawo. Injinan suka dama laka, ruwa ya gurɓace, halittun da ke ƙasan tafkin suka ragu. Sai da jama'a suka yi ta ƙorafi kafin aka hana yasar a shekarar 1990. An samu hanya, an kusa rasa tafki.

Wannan darasi ya shafe mu, domin muna da dausayin Haɗeja da Nguru, inda dubban manoma da masunta da makiyaya ke cin abinci, kuma su ma suna bukatar hanya. Ba ina cewa a nemo ƙumba ba ne. Ina kira ne ga hukumomi da su tilasta a auna ƙarfin ƙasa kafin a ba da kwangila, a zaɓi ciko marar nauyi, sannan a tambayi inda za a haƙo shi da wanda zai yi asara. Idan ba haka ba, an gudu gara ne an faɗa zago.

Allah Ya sa shugabanninmu su ji.