Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: 'Yan Ƙwallon Zango Da Gudun Tuwo

Wata sabuwar al'ada ta shigo wa samarinmu masu buga ƙwallo a Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sabon Zango zuwa Tafo, wato gudun tuwo. Yaro zai dawo daga atisaye jiƙe sharkaf da gumi, a ajiye masa tuwon zafi da miyar ayoyo, ya ture kwano ya ce shi ya daina cin sitaci. Wake da shinkafa, abincin da ƙasar Gana baki ɗaya ta karɓa daga hannun iyayenmu mata har da sunansa, ya zama abin ƙi, kokon safe ma haka. Abin da ya rage sai ƙwai da nama da ganye. In an tambaye shi dalili, sai ya ce a waya ya gani, haka ake rage nauyi, kuma dillalan 'yan wasa ba sa ɗaukar mai jiki. A lurarmu, 'yan baya masu ƙirar ƙarfi su suka fi faɗawa cikin wannan hanya, domin su ake yawan yi wa gorin nauyi.

Ra'ayinmu shi ne, wannan tsarin ci magani ne na gaske, amma an ba wanda ba shi da ciwon. Yana iya amfanar mai zama, yana kuma raunana mai gudu.

A fara da asalinsa. Tsarin da ake kira kito, wanda ake yanke sitaci kusan gaba ɗaya a maye gurbinsa da mai, an tsara shi a asibitin Mayo da ke Amurka a shekarar 1921 domin masu farfaɗiya, musamman yara. Daga baya, a 1972, wani likita mai suna Robert Atkins ya fitar da littafin da ya yaɗa rage sitaci a tsakanin masu neman rage ƙiba. Babu ɗaya daga cikin biyun da aka yi domin saurayin da zai yi minti 90 yana bin ɗan gaba a tsakar rana.

Abin da ke ruɗin yaranmu shi ne ma'auni. Mako guda da daina tuwo, sai yaro ya hau sikeli ya ga kilo biyu sun tafi, ya ɗauka kitse ne ya narke. Alhali jiki yana mayar da sitacin da muka ci wani irin sukari da masana ke kira gilaikojin, ya ajiye shi a tsoka da hanta, kimanin giram 400 a tsoka da giram 100 a hanta ga babban mutum. Kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. Idan aka daina sitaci, wannan rumbu ne ke fara ƙarewa, ruwansa ya bi shi. Mafi yawan nauyin da ya tafi a makon farko ke nan: guzurin gudu da ruwan jiki.

Wannan guzuri kuwa shi ne jarin ɗan ƙwallo. Ƙwararren ɗan wasa yana cin kimanin kilomita 10 a wasa ɗaya, cikinsu akwai gudun tsere da tsalle da kokawar ƙwace ƙwallo. Jiki yana iya ƙona kitse a lokacin tafiya da sassarfa, amma kitse wuta ce mai ci a hankali. Idan aka zo gudun fitar rai, sukarin tsoka ake ƙonawa. Tun a 1973 masanin ƙasar Suwidin, Bengt Saltin, ya nuna cewa 'yan wasan da suka shiga fili da ƙarancin wannan guzuri sun fi takwarorinsu yawan tafiya, sun kuma gaza su gudu. A 2017 Louise Burke da abokan aikinta a Ostareliya sun wallafa gwajin da suka yi wa zakarun tseren tafiya da sauri: bayan mako uku, waɗanda aka bar wa sitaci sun ƙara sauri a tseren kilomita 10, waɗanda aka yanke wa kuwa ba su ƙaru ba, duk da sun yi horo iri ɗaya. Shi ya sa masanan da hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta tara suka ba da shawarar ɗan wasa ya ci giram 6 zuwa 8 na sitaci a kan kowane kilo na nauyinsa a jajiberin wasa. Ga yaro mai kilo 70, giram 420 zuwa 560 ke nan. Turan da yaro ke gudun tuwo domin ya je ta, can za a cika masa faranti da taliya da shinkafa.

Da yawa daga bidiyoyin da ke yawo a kan wannan batu daga Amurka suke fitowa, saboda haka ya kamata mu dubi yadda abin yake a can. Suna da tasu ƙwallon ta daban, wadda ake runguma da hannu, a cikinta kuma akwai ƙartin da ke jeruwa a sahun gaba, aikinsu ture abokan hamayya. Nauyin kowanensu yakan kai kilo 140, domin nauyin shi ne kayan aikinsa. Ɗaya daga cikin fitattunsu, Joe Thomas na ƙungiyar Cleveland Browns, ya yi shekaru yana cusa wa kansa abinci domin kada nauyinsa ya sauka. Sai da ya yi ritaya a 2018 sannan ya rage sitaci, ya zubar da fiye da kilo 20. Ya yi daidai, domin bincike a can ya nuna masu buga wannan gurbi sun fi sauran 'yan wasa fuskantar ciwon zuciya. Amma a lura da lokacin da ya zaɓa: bayan ya rataye takalmi, ba yana tsakar wasa ba. Yaranmu sun ɗauki maganin mai ritaya suna sha tun ba su fara aiki ba.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Samuel Osei Kuffour haifaffen Kumasi ne, ɗan baya ne, ya buga wa King Faisal ta Alhaji Karim Grusah, ya tafi Torino ta Italiya a 1991, ya kuma ɗaga kofin zakarun Turai da Bayern Munich a 2001. Ba dogo ba ne a cikin 'yan bayan Turai, ba kuma siriri ba ne. Abin da aka san shi da shi ƙarfi ne da saurin kai ɗauki. Ɗan bayan da ya rame har ɗan gaba ke ture shi da kafaɗa, ko wanda ƙafarsa ta mutu a minti na 70, bai ci ribar komai ba don sikeli ya yi masa murmushi. Masu kallo a filin Baba Yara ba sa tambayar kilo nawa yaro yake da shi. Suna duban wa ya riga kai wa ƙwallo.

Za a ce da mu, ai nauyi yana rage gudu. Gaskiya ne, kitsen da ya wuce kima kaya ne, kuma akwai yaran da ke bukatar sauke shi. Sai dai hanyar ba ita ce korar tuwo ba. A fara da lemon kwalba, da sukarin da ake zubawa a koko da shayi ba awo, da soye-soyen tsakar dare. A rage a hankali, a lokacin hutun gasa, ba ana saura kwana uku gwaji ba. Za a kuma ce, ai muna azumi muna buga ƙwallo. Mai azumi yana buɗe baki da dabino da koko, ya ci tuwo, ya tashi sahur. Rumbunsa yana cika kowane dare. Wannan daban yake da wanda ya rufe rumbun wata uku.

Akwai kuma lissafin aljihu. Gidajenmu da yawa tukunya ɗaya ake ɗorawa. Yaron da ya ƙi tuwo, kuma ba shi da kuɗin ƙwai da nama kullum, ba kito yake yi ba, yunwa yake zama da ita. Iyaye mata sukan kawo kukansu zauren manya a kan haka, kuma kukan nasu yana kan hanya: jikin ɗan shekara 16 yana kan ginuwa, ƙashi da tsoka suna neman abinci, ga atisaye safe da yamma.

Su wa tsarin ya fi dacewa da su? Mu ne, masu shekara 50 da ɗoriya, masu wuni a zaune a shago ko a zaure, waɗanda ciwon sukari da hawan jini ke kai da yawanmu asibitin Komfo Anokye. Mu ya kamata mu rage malmalar tuwo, shi ma da shawarar likita, musamman mai shan maganin sukari, domin yanke sitaci farat ɗaya yana iya sa sukarin jininsa ya faɗi ƙasa. Abin ya zo mana a juye: tsofaffi na cin abincin 'yan wasa, 'yan wasa na cin na tsofaffi. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kiranmu ga masu horar da ƙungiyoyin yara na unguwanni shi ne su riƙa tambayar yaro abin da ya ci kafin su tambaye shi nauyinsa, su kuma bar gorin jiki a gaban jama'a, domin kalma ɗaya ta koci tana hana yaro abinci wata guda. Ga samarinmu kuma, ladabin ci da muka koya tun a makarantar allo ya wadatar: a ci, kada a cika ciki, a bar wa ruwa da numfashi wurinsu. Ku ci wakenku da shinkafarku kafin wasa, ku sha furarku bayansa, ku bar gudun fili ya sassaƙa muku jiki. Allah ya raya mana ku, ya sa ƙafafunku su kai ku inda kuke buri.