Da Wane Harshe Ake Tsayar da Tirela?

Duk wanda ya taɓa leƙa sito-siton Apapa ko kasuwar Mile 12 a Legas ya san yadda ake saukar da kaya. Tirela za ta yi ribas zuwa bakin dakali, 'yan dako na tsaye a bayanta suna jira, kowa na ɗaga murya. Wannan ya ce "zo, zo", wancan ya ce "maa bo", wani kuma na bugun jikin mota da tafin hannu. Direba kuwa ba ya ganin abin da ke bayansa, domin kwantena mai ƙafa 40 ta tare shi, madubin gefe kuma ba ya nuna wanda ke tsakanin gindin mota da bango.

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen da motoci ke jawowa a wuraren aiki, lokacin ribas suke faruwa. To, can ma kenan da ake da ƙararrawa da kyamara.

A ganina, mu ɗaliban harshe muna da ta cewa a nan. Direba Bayarabe ne, karen motarsa Bahaushe, mai sito Ibo. Bahaushe zai ce "tsaya", Bayarabe ya ce "duro", alhali Bahaushen da ya sauka Legas jiya in ya ji "duro", gangar mai zai tuna. Ga rugugin inji. Kafin a gane me ake nufi, mota ta ci taku biyu, kuma taku biyun nan su ne ran mutum.

Saboda haka bai kamata a dogara da baki ba. Mutum ɗaya tak ya riƙa jan direba, da alamar hannu da aka yi ittifaƙi a kanta, yana tsaye inda madubi ke kama shi. Da zarar ya ɓace wa direba, a taka birki. Kada ɗan dako ya shiga baya sai an kashe inji an sa waigi.

Wasu za su ce wannan ɓata lokaci ne, tunda ɗan dako da yawan buhunan da ya ɗauka ake biyansa. Gaskiya ne, shi ya sa nauyin yake wuyan mai sito, ba wuyan lebura ba. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, amma ɗan dakon da ba a rubuta sunansa a littafin kowa ba, in mota ta matse shi, yawanci 'yan garinsu ne ke karo-karon kuɗin asibiti.