Bashin Gida Ya Kamata Ya Bi Mai Shi In Zai Ƙaura

Jama'a, duk wanda ya san Ƙofar Mata ya san gidajenta sun cika sun batse. Tsakanin karofi da Asibitin Murtala da filin Idi da hanyar Kwari, ba sauran inda mutum zai ƙara ko da ɗaki guda. Gidan da kaka ya bari yau magadansa sun fi a ƙirga da yatsu. Saboda haka 'ya'yan unguwar suka yi ta fita bayan ganuwa, wasu Hotoro, wasu Sharaɗa, wasu Rijiyar Zaki ko Na'ibawa. Daga cikinsu akwai ma'aikatan da suka sami gida da rancen banki, watau suka jinginar da gidan, banki ya riƙe takardar mallaka sai ran da aka gama biya. A kansu muke so mu yi magana.

Rancen gida abu ne mai dogon zango. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa cikin 1992, ana yankar kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci a zuba masa, sa'an nan Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya ya ba da rance daga ciki a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har zuwa shekara 30. To, wane ne ya tabbata zai shekara 30 a gida ɗaya? Iyali sukan ƙaru gida ya yi kaɗan. Akan yi wa ma'aikaci canji zuwa wani gari. Wani kuwa mahaifinsa ne zai rasu, ya zama shi ne babba, tilas ya matso kusa da tsohuwa da ƙanne a cikin birni.

In haka ta faru, hanyar da aka saba ita ce ya biya sauran bashin gaba ɗaya, banki ya sakar masa takardarsa, ya sayar, sa'an nan ya koma neman sabon rance tun daga tushe kamar bai taɓa ci ya biya ba. Nan fa ake yin ta. Rancen Asusun sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa. Wanda ya sake shi ya sake ke nan, sai bankunan kasuwa, waɗanda cikin 2024 ruwansu ya haura kashi 20. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Bashin naira miliyan 10 a kan kashi 6, ruwansa na shekara naira dubu 600 ne. In aka ce kashi 24 ne, ya zama miliyan 2 da dubu 400. Wane albashi ne zai ɗauki wannan?

Ga kuma Dokar Ƙasa ta 1978, wadda ta sa filayen jiha a hannun Gwamna, ta ce ba a sayarwa ko jinginarwa sai da yardarsa. Ba wasa ba ne, gama cikin 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta soke jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba. Ashe mai ƙaura zai nemi sa hannu wajen sayar da tsohon gida, ya nema wajen sayen sabo, ya kuma nema wajen jinginar da shi, kowanne da kuɗin hatimi da na rajista da ladan lauya, ban da zirga-zirga a ofishin ƙasa.

Wuyar nan ita ke tura mutane bin ta bayan gida. Sai ka ji an yi ciniki a zaure gaban dillali da mai unguwa, mai gida ya karɓi wani abu ya tashi, mai saye ya tare, aka yi alkawari zai ci gaba da biyan banki da sunan na farko. Wannan ganganci ne. A idon banki gidan da bashin duk na mutumin farko ne. In mai saye ya yi sakaci wata uku, mai sayarwa za a bi, sunansa ne zai ɓaci. In kuwa mai sayarwa ya riga mu gidan gaskiya, magadansa suna iya cewa gidan ubansu ne, takarda kuma tana bayansu, mai saye ya tashi a tutar babu bayan ya shekara goma yana biya. Takardar mai unguwa tana da daraja a cikin birni, inda kowa ya san iyakar gidan kakan kowa, amma ba ta kwance abin da aka ɗaure a rajistar Gwamnati.

Abin mamaki, wannan ba baƙon al'amari ba ne a wurinmu. Malamanmu sun daɗe suna karantar da hukuncin jingina da na hawala, watau mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani. Tun zamanin jinginar gona, in mai bin bashi ya yarda, akan musanya masa abin jingina da wani mai daraja kamarsa. A Ingila ma bankuna da yawa sukan bar mutum ya ɗauki sharuɗɗan rancensa ya kai kan sabon gida, bayan sun sake duba samunsa sun kimanta gidan. A Amurka kuwa akwai rancen da Gwamnati ke tsaya wa, wanda mai sayen gida kan gaji sauran bashin a kan tsohon ruwa in banki ya amince da shi.

Za a ce banki yana tsoron a musanya masa gidan kirki da kango. Gaskiya ne, kuma hakkinsa ne ya aika a kimanta, ya ƙi abin da bai kai ba. Gidan gado na cikin Ƙofar Mata, mai magada ashirin ba takardar mallaka, ba wanda zai ce banki ya karɓa. Amma mutumin da ya shekara takwas yana biya bai taɓa fashi ba, ya kawo gida mai cikakkiyar takarda wanda darajarsa ta rufe sauran bashin, ina dalilin korarsa?

A ganinmu Bankin Tarayya ya kamata ya fara, ya rubuta ƙa'ida a fili cewa sauya abin jingina ba sabon rance ba ne. Bankunan da ba sa cin ruwa, irin su Jaiz da ya buɗe a Kano cikin 2012, su ma su bayyana wa mai shiga yarjejeniya da su tun ranar farko abin da zai faru in ƙaura ta kama shi. Gwamnatin Jihar Kano kuma, tun da yardar a hannun Gwamna take, ta haɗa sakin tsohuwar jingina da ɗaura sabuwa cikin takarda ɗaya da kuɗi ɗaya, ta kuma yanka wa ofishin ƙasa kwanakin da ba zai wuce ba.

Kafin a kai can, wanda ke da bashi a kan gidansa kada ya karɓi ko kwabo na kafin alƙalami sai ya je bankin ya karɓo lissafin abin da ya saura a rubuce, ya tambaya ko akwai tarar biya kafin lokaci, ya kuma nemi a ba shi amsar maganar musanya a takarda mai hatimi. Mai saye shi ma ya sa lauya ya bincika rajista, ya ga takardar sakin jingina da idonsa kafin ya kai iyalinsa.