SANIN DOKA: Kwana Goma Bayan Hukunci

Kaka ta yi. A ƙasar Gidigir yanzu ne dabbobi ke gangarowa daga arewa, gero kuwa bai gama shiga rumbu ba. In saniya ta faɗa gona, mai gari ko sarki na iya sulhu, a ƙiyasta ɓarna, a biya. Amma in sanda ta fasa kai, ko wuƙa ta fita kube, magana ta wuce fada. Ta koma hannun jandarma da alƙali. Ba a manta da Toda ba, a ƙasar Maradi, inda rigimar gona ta ci rai fiye da 100 a 1991, yawancinsu mata da yara.

Duka da rauni ana iya shari'arsu a Gure. Kisan kai kuwa sai babbar kotu a Damagaram.

To, alƙali mutum ne, yana iya kuskure. Shi ya sa doka ta bar ƙofa: wanda aka ɗaure yana iya ɗaukaka ƙara. A shari'ar duka da rauni, kwana 10 gare shi daga ranar da aka karanta hukunci a gabansa. Ko yana cikin kaso, sai ya faɗa wa shugaban gidan, a rubuta. A nan talaka ke faɗuwa. Ƴan'uwa su tsaya jiran kasuwa, su sayar da rago, su nemi wani mai hanya. Kafin su dawo, ƙofa ta rufe.

Kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram tana sake buɗe takardu. Tana duba shaida. Wa ya gani da idonsa? Wa ya ji a bakin rijiya kawai? Jita-jita ba ta kai ganin ido nauyi ba, ko da gari duka ya ɗauka. Takardar likita tana da ƙarfi ƙwarai, don ita ke nuna girman rauni da kwanakin da mutum ya kasa aiki. Wanda aka sara ya kwanta gida da maganin gargajiya, bai je likita ba, ya rage wa kansa hujja. In kuma an matsa wa mutum har ya amsa laifi, ya faɗa wa alƙali da bakinsa.

Kotu na iya sakinsa, ko ta rage ɗauri, ko ta bar shi yadda yake. In shi kaɗai ya kai kuka, ba a ƙara masa. Sai fa in mai shigar da ƙara na gwamnati shi ma ya ɗaukaka.

A da, hukuncin manyan laifuka kamar kisan kai ba a sake shari'arsa daga tushe. Tun gyaran doka na 2019 shi ma ana ɗaukaka shi. Hukuncin kisa yana cikin doka, amma tun 1976 ba a zartar da shi a Nijar ba.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011. A tambayi ofishinta wajen magatakardan kotu.