Matashin Birnin Gwari da Aikin Ƙera Makamai: Ina Haramcin Yake?

 

Ya 'yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wani ƙanen abokina, haifaffen Birnin Gwari, wanda ya karanta injiniyancin ƙere-ƙere, aka kira shi intabiyu a wani kamfani mai zaman kansa da ke haɗa kayan tsaro, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Kafin ranar ta zo sai da mutane biyu suka hana shi barci. Na farko abokinsa ne, wanda ya ce masa wai duk albashin da ya fito daga ƙera bindiga haramun ne. Na biyu kawunsa ne, wanda ya ce kada ya wahalar da kansa da karatu, ya bari a samo masa takarda daga wani babban mutum. Dukkansu biyu sun ɓata, kuma da su nake a wannan rubutu.

Mu fara da mai fatawa. Malam, ina ka samo wannan hukunci? Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba mu labari a Suratul Anbiya'i da Suratu Saba'i cewa Shi Ya koya wa Annabi Dawud (AS) saƙar sulke, Ya kuma tausasa masa ƙarfe. Abin da malaman fiƙihu suka hana shi ne sayar da makami ga ɗan fashi, ko ga masu fitina, ko ga wanda aka san zalunci zai yi da shi. Wannan daban, ƙera abin da za a kare rayukan bayin Allah da shi daban.

Kuma wa ya fi mutumin Birnin Gwari sanin tsadar rashin kariya? A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka. A watan Mayun wannan shekara 'yan bindiga suka afka wa Gwaska suka kashe mutum sama da 40. A watan Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai daga makarantar Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. Shekara da shekaru dajin Kamuku da na Kuyambana suna zaman maɓoyar masu satar shanu da mutane, har kasuwar shanun garin ta mutu, sai a watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe ta bayan sulhu. To yaron da ya tashi yana ganin gonar mahaifinsa ta gagari noma, shi za ka ce wa ya nisanci masana'antar tsaro, ya bar wa wasu?

Masana'antar ma ba nesa take ba. Tun 1964 aka kafa DICON a Kaduna, kamfanin Fritz Werner na Jamus ne ya gina masana'antarta ta Kakuri. A watan Disamban 2019 aka ƙaddamar da motar sulke mai suna Ezugwu a Kaduna, a 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar hukumar, wadda ta faɗaɗa haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Ke nan ana buƙatar masu walda, da masu sarrafa injin sassaƙar ƙarfe, da masana sinadarai da kwamfuta. Idan muka zauna a majalisa muna haramta wa juna, gobe kada mu yi kukan cewa babu namu a ciki.

Yanzu sai kawu mai takarda, wanda a wurina ɓarnarsa ta fi ta mai fatawa. Ya mai karatu, intabiyu a irin wannan wuri ƙofa ce, kuma wanda ya shigo ta katanga ba zai ji nauyin fitar da kaya ta katanga ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna makamai 178,459 na 'yan sanda da aka kasa ba da bayaninsu, 88,078 daga ciki AK-47 ne. A watan Oktoban 2024 Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, Malam Nuhu Ribadu, ya fito fili ya la'anci jami'an da ke sayar wa 'yan ta'adda makaman gwamnati. Bindiga ba ta da ƙafa. Hannun wanda aka ba amana ne ke kai ta daji. A Suratul Ƙasas, sharaɗi biyu 'yar dattijon Madyana ta kafa hujja da su wajen ɗaukar Annabi Musa (AS) aiki, wato ƙarfi da amana. Takardar babban mutum ba ta shaidar ko ɗaya daga ciki.

Yaron nan dai ya tafi da kansa, ba takardar kowa. Ya ce an miƙa masa zanen wani ƙarfe aka ce ya karanta, aka ba shi ma'aunin kauri aka ce ya auna, aka tambaye shi wa zai tsaya masa, da sunan hakiminsu. Duk wannan daidai ne, ina ma a ce sun tsananta. Abin da ya sosa masa rai shi ne da ya ambaci garinsu sai ɗaya daga cikinsu ya ɗaga kai ya yi dariya ya ce, “Daga dajin ka fito ke nan?” A nan kuma dole in juyo ga masu ɗaukar aiki. Ku ji tsoron Allah. Ku binciki mutum iyakar bincike, wannan haƙƙinku ne, amma wanda aka kashe wa 'yan uwa bai cancanci a haɗa shi da makasansu ba don kawai sun sha ruwan ƙasa ɗaya. Ku ma amana ce a wuyanku, za a tambaye ku wa kuka ɗauka da dalilin ɗaukarsa.

Kada a ce na manta da zalunci. Ban manta da Tudun Biri ba, inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu Maulidi sama da 80 a watan Disamban 2023. Irin wannan musiba hujja ce a kan buƙatar ƙwararru masu tsoron Allah a kowane mataki, tun daga mai ƙerawa har mai danna maɓalli.

Don haka ɗan uwa, idan an kira ka, ka yi istihara, ka koma ga littattafanka, ka faɗi gaskiya a kan abin da ka iya da wanda ba ka iya ba, kada ka ba kowa ko kwabo. Idan ka samu, ka riƙa tuna cewa harsashi ɗaya da ya salwanta a hannunka yana iya ƙarewa a ƙirjin manomi a Damari ko Kuyello. Shi yaron har yanzu yana jiran sakamako, ku sa shi a addu'a.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.